Karnuka da kyanwoyin da aka bari a kango: wa zai ɗauki nauyinsu a ƙauye?

Malamin Firamare, ƙasar Auyo

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da yayyena da ƙannena baki ɗaya. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Auyo a Jihar Jigawa, kuma na zo da tambaya ne a kan wani abu da ya kwana biyu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun ambaliyar 2022, wadda ta cinye gidaje da gonaki a yankinmu da Haɗejiya da Kafin Hausa da Ringim, akwai gidajen da masu su ba su sake dawowa ba. Mai gudun ruwa yakan kwashi iyalinsa da awakinsa da abin da ya saura a rumbu, amma kare da kyanwa ba sa shiga lissafinsa, don haka waɗanda suka tsira daga cikinsu sai suka koma kangaye da bayan mahauta, suka ci gaba da hayayyafa ba tare da mai kula da su ba. Makonni uku da suka wuce ɗalibaina suka gano wata karya ta haihu a kangon da ke bayan makaranta, a ƙarƙashin wani rumbu da ya rushe. Na je na gani da idona. 'Yan kwikwiyo biyar ne, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba, uwar kuwa ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, kunnuwanta cike da kaska, ƙazuwa ta cinye gashin bayanta. Da na matso ba ta yi mini haushi ba, sai ta sunkuyar da kai tana kaɗa bindi, na gane cewa ta taɓa zama a gidan mutane. Kafin in hana yara jifa, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya riga ya mutu.

Yanzu wasu iyaye sun ce a zuba guba a tuwo a ajiye mata, kowa ya huta. Ban ga laifinsu ba, domin tsoron haukan kare ne ya sa su faɗin haka, kuma 'ya'yansu ne ke wucewa ta wajen safe da rana. Amma zuciyata ta ƙi amincewa. Wani ɗan yayata da ke karatu a Ingila ya shaida mini cewa a can akwai gidaje na musamman da ake tara dabbobin da ba su da masu su, a yi musu magani, a nema musu mariƙa. Ina roƙon masana su yi mini bayanin yadda waɗannan gidaje suke aiki, da wanda yake biyan kuɗin, da kuma ko akwai wani abu daga aikinsu da ƙauye irin namu zai iya ɗauka. Ina kuma son sanin matsayin addini a kan ciyar da karen da ba na farauta ba, ba na kiwo ba.

Likitan Dabbobi, Kazaure

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin a kai ga guba.

Abin da ɗan yayarka ya faɗa gaskiya ne, kuma aikin ya daɗe a can. A Landan aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a 1824, wadda ake kira RSPCA a yau. A 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓata, wanda daga baya ya koma unguwar Battersea, ya kuma fara karɓar kyanwoyi a 1883, kuma yana nan yana aiki har gobe. A Amurka ma Henry Bergh ya kafa irin wannan ƙungiya a Niyok a 1866.

Idan aka kawo dabba, abu na farko shi ne a rubuta inda aka tsince ta da kamanninta, sannan a duba ko tana ɗauke da wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da ake sa wa a ƙarƙashin fata, wadda ke nuna ko wane ne mai ita. A Ingila doka ta wajabta sa wa karnuka wannan na'ura tun 2016, kuma hukuma tana riƙe karen da aka tsinta kwana bakwai ko mai shi zai zo. Ana ware sabuwar dabba daga sauran don kada ta harbe su da cuta, a ba ta maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma, a yi mata rigakafi, a yi mata aikin hana haihuwa, a kuma lura da halinta ko tana cizo ko tana jin tsoron mutane. Sai bayan haka ne ake neman wanda zai riƙe ta, kuma ba kowa ake ba ba, sai an tambayi mutum irin gidansa da abin da zai ciyar da ita. Mafi yawan kuɗin daga gudummawar jama'a yake fitowa da dukiyar da mutane ke barin wasiyya a kai, ga kuma masu aikin sa kai. Akwai abin da ba a cika faɗa ba, shi ne cewa a wurare da dama idan gida ya cika, mariƙa suka yi ƙaranci, akan yi wa wasu dabbobin allurar da za ta kashe su ba tare da azaba ba.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka fara da gini. Ranar da aka ji cewa Malam ya buɗe gidan karnuka, daga ƙauyuka biyar za a riƙa kawo maka su cikin dare a ajiye a ƙofa, abinci ya gagara, kuma idan gudawar jini ta 'yan kwikwiyo ta shiga wuri mai cunkoso takan yi musu kisan kiyashi cikin kwanaki kaɗan. Ginin shi ne mafi tsada a aikin. Abin da ke rage wahala shi ne rigakafi da hana haihuwa da samun mariƙi, kuma ana iya yin duka ukun dabba tana tsakar gidan mutane. A birnin Jaifur na Indiya an fara tun 1994 kama karnukan titi, a yi musu rigakafi da aikin hana haihuwa, a mayar da su unguwarsu, kuma cutar hauka ta ragu ƙwarai a inda aikin ya kai.

Tsoron iyayen yana kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 daga cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi ta addu'a. Amma guba ba ta kawar da ita. Tuwon da aka ajiye wa karya kaza za ta iya ci, kyanwa za ta iya ci, ƙaramin yaro ma zai iya kai hannu, kuma muddin akwai juji da ragowar mahauta, wasu karnukan da ba a san lafiyarsu ba za su zo su maye gurbin waɗanda aka kashe. Abin da masana suka tabbatar shi ne idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa wannan allura. Tana buƙatar sanyi, don haka ku nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya zo da ita a akwatin ƙanƙara, ku tara karnukan gari a rana ɗaya, har da na mafarauta. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, kuma akan yi gangamin rigakafi a kusa da lokacin.

Game da karyar, a riƙa ajiye mata abinci da ruwa a wuri ɗaya, babba ne zai kai, ba yara ba, domin mai shayarwa takan yi cizo don kare 'ya'yanta. Kada a raba ta da su sai sun kai mako takwas, su kuma a yi musu rigakafin hauka idan sun cika wata uku. Idan ta ciji wani, Allah ya kiyaye, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashinta a ƙona a shafa. Ita kuma a killace ta kwana goma ana lura da ita.

Uwargida, ƙasar Bichi

Ina yi wa Malam da Likita fatan alheri. Ni a kan kyanwa zan yi magana, domin ita na sani.

Shekara uku ke nan da yarona ya shigo mini da kwali daga juji, a ciki 'yan kyanwa huɗu ne da aka zubar, cibiyarsu ko faɗuwa ba ta yi ba. Cikin rashin sani na dama musu madarar gari ina ɗura musu da cokali, kwana biyu gudawa ta kama su, ɗaya ta mutu. Da na ga wata ta yi laushi, sai na gutsuri ƙwayar farasitamol na jiƙa na ba ta, ina ganin taimako nake yi. Kafin la'asar fuskarta ta kumbura, dasashinta ya yi duhu, da magariba ta cika a kan zanena. Daga baya malamin dabbobi ya gaya mini cewa wannan magani guba ne ga kyanwa komai ƙanƙantarsa, kuma na daɗe ina jin nauyin abin a raina. Ina roƙon mata 'yan uwana kada su ba dabba maganin mutum da ka.

Biyun da suka saura sun rayu ne saboda abin da aka koya mini. Sanyi ya fi yunwa saurin kashe su, don haka na riƙa cika kwalba da ruwan ɗumi in naɗe ta da tsumma in sa a kwandonsu. Bayan kowace ciyarwa sai in jiƙa auduga in shafa musu ƙasan bindi, domin jaririn kyanwa ba ya iya fitsari da kansa sai an motsa shi, abin da uwa take yi da harshenta. Ƙarshe wata maƙwabciya da kyanwarta ke shayarwa ta karɓe su, muka goga musu tsumman da 'ya'yanta suke kwana a kai, uwar ta shinshina ta kwanta musu.

Tun daga nan duk wanda ya tsinci 'yan kyanwa gidana yake aikowa, kuma ban taɓa rasa mariƙi ba, domin duk mai rumbu ya san ɓarnar ɓera. Baƙa ce kawai takan daɗe a hannuna saboda camfin da ake yi cewa aljana ce, alhali wadda ta fi duk kyanwoyina kama ɓera baƙa ce wuluk. Matsalata ɗaya ce, kuma ita nake son Likita ya duba. Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, takan haihu sau biyu ko uku a shekara, 'yarta ma kafin ta cika shekara ta soma. Ni a nan kusa ban san mai yin aikin hana haihuwa ga mace ba sai an shiga birni, ga kuɗin mota, ga kuɗin aiki. Idan ba a kawo wannan kusa da mu ba, ina jin tsoron wata rana rumbunan za su ƙare, kwalayen ba su ƙare ba.

Dattijo Makiyayi, ƙasar Maigatari

Ɗana Malam, na karanta damuwarka, kuma na yaba da tausayinka, amma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Bara da kaka karnukan da ba su da masu su suka shiga garkena da tsakar dare, suka kashe mini 'yan tumaki uku, suka yaga cinyar wata tunkiya mai ciki wadda dole na yanka ta da asuba. Babu wanda ya biya ni ko sisin kwabo, domin babu wanda ya ce nasa ne. Mai jin tausayin kare ya tuna da mai tunkiya, ya kuma tuna cewa a garuruwanmu akwai gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba, ga almajirai da ƙoƙo a ƙofar kowa. Idan aka ji ana tara kuɗi don karnuka, mutane za su yi magana, kuma ba duka maganar ce ƙarya ba.

Duk da haka ba na tare da masu guba, domin na taɓa ganin karen da ya ci ta, ya yi ta birgima yana kumfa tun hantsi har azahar, kuma ba na fatan sake gani.

Abin da nake ganin kun manta shi ne muna da namu tsarin tun kaka da kakanni. Idan akuya ko jaki ya ɓata, gidan mai unguwa ko dagaci ake kai shi, a ɗaure a turke, a yi cigiya a masallaci da kasuwa, mu nan ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci. Mai shi ya zo ya faɗi kamanni, ya biya abin da dabbarsa ta ci da ɓarnar da ta yi, ya kama abinsa. Wannan bai bambanta da kwana bakwai ɗin da Likita ya ambata ba, sai dai mu ba mu taɓa sa kare da kyanwa a ciki ba saboda ba a kai su kasuwa. Karyar nan a ƙauyenku babu wanda bai san gidan da ta fito ba. A aika wa mai ita, ko yana Haɗejiya ko yana Kano, ya zo ya ɗauka ko ya faɗa a gaban dagaci cewa ya sallama. A kuma kafa doka cewa duk mai kare a san shi da karensa, ya ɗaure shi da dare, idan ya yi ɓarna ya biya. In an yi haka, ni ma zan kawo karnukan kiwona biyu ranar allura.

Ɗalibin Ilimi, ƙasar Rano

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, maganarsa ta ɗora alhaki a inda ya dace. Zan amsa tambayar Malam ta ƙarshe gwargwadon abin da na karanta a gaban malamaina.

Dole a raba abu biyu, ajiye kare a gida da kuma jin ƙansa. Hadisi ya inganta cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai lallage saboda ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, kuma da sahabbai suka yi tambaya aka shaida musu cewa akwai lada a kan kowane mai ɗanyar hanta. Wannan kare ba nasa ba ne, a hanya ya gamu da shi. Sun kuma ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya ƙaura ya bar dabba a ɗaure ko a rufe ya dubi wannan hadisi da kyau. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallage a ciki bin umarni ne. Kyanwa kuwa nassi ya zo cewa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakaninmu.

Kada kuma a ɗauka aikin nan na Turawa ne kaɗai. Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su, ƙarni biyar da ɗoriya kafin a kafa ƙungiyar Landan.

Game da damuwar Baba, zakka ba ta zuwa ga dabba, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade nau'in mutane takwas da ake ba. Abin da karya take buƙata ƙanzo ne da ragowar tuwo da abin da mahauta ke zubarwa, wanda ba ya rage rabon almajiri. Kare mai cizo da ke afka wa mutane shari'a ta halatta kashe shi, sai dai an umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa, kuma gubar da Baba ya siffanta ta yi nisa da kyautatawa. Ina ganin ya kamata Malam ya roƙi limamin garinsu ya taɓo wannan a huɗuba, domin yaran da ke jifa daga manya suka ga ana yi.

Malamin Firamare, ƙasar Auyo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Baba na je wurin dagaci tare da shugaban makarantarmu. An kira mai karyar ta waya a gaban shaidu, ya ce yana zaman haya a Kano, ba shi da wurin ajiye ta, ya sallama. Wani mai lambu a bakin fadama ya ce zai ɗauke ta bayan yaye don gadin kayan lambunsa, mafarauta biyu sun kama 'yan kwikwiyo maza, wani Bafulatani da ke rugar gabas da mu ya nemi na ukun. Mai gadin makaranta ne yake kai mata ƙanzo da romon da wani mahauci ya yi alkawari kullum da yamma, mun kuma kewaye kangon da ƙaya don yara. Liman ya yi maganar ranar Juma'a, kuma iyayen da suka nemi guba sun amince a jira, da sharaɗin a yi allurar kafin ƙarshen wata.

Mun ƙirga karnuka 23 da ke da masu su a garin, ban da na kangaye da ba mu iya kusanta ba tukuna, kuma dagaci ya rubuta wa sashen dabbobi na ƙaramar hukuma takarda. Saura 'yar kwikwiyo mace guda ɗaya, wadda kowa ya ƙi saboda gudun haihuwa, abin da Uwargida ta Bichi ta faɗa ke nan. Likita, a wane wata ne ya dace a yi mata aikin, kuma idan muka haɗa ta da uwar da wasu mata uku da ke garin, akwai yiwuwar likita ya zo ya yi a nan, ko dole sai mun ɗauke su zuwa Haɗejiya?